RA'AYINMU: Da Wane Mudu Ake Auna Mai Horar Da Yara?

Duk lokacin da Salla ta ƙarato, 'yan'uwanmu mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Anacha da Fatakwal sukan yi karo-karo su aika gida, a sayi kofi da riguna da ƙwallaye domin samarin garinsu su kara da na maƙwabta. Haka kuma a Agege da Idi-Araba da unguwar Sabo ta Badun, da wuya a rasa ƙungiyar yara masu buga ƙwallo, da wani bawan Allah da yake tara su safe da yamma yana koya musu. Wannan hali na taimakon wasan yara abin yabo ne, ba mu kuwa da nufin karya wa kowa gwiwa. Abin da ya sa muka ɗauki alƙalami shi ne wata ɗabi'a da take biyo bayan taimakon. Da zarar an tashi daga wasa, tambaya ɗaya tak ake yi, watau wa ya ci? In yaranmu ne suka ɗauki kofi, to, koci gwani ne. In kuwa an cinye su, sai a ce bai san aikinsa ba, a sallame shi a nemo wani.

A ganinmu wannan mudu bai cika ba, kuma yaran ne suke cutuwa da shi. Mutumin da aka danƙa wa yara 'yan shekara 12 zuwa 17 aikinsa ya fi kusa da na malamin makaranta, kuma ba a sanin amfanin malami sai ɗalibansa sun girma. Wanda duk ya ce sai kofin bana zai nuna masa gwanin koci, to, shi da kansa yake tura kocin ga ha'inci. Bari mu ɗauki Jihar Neja misali, domin tarihin ƙwallonta ya ƙunshi wannan darasi daga farko har ƙarshe.

ƊAN ZUNGERU DA KULOB ƊINSA

Kowa ya san Zungeru, garin da Gwamna Lugga ya mai da hedkwatar Arewa a shekarar 1902, kafin a tashi a koma Kaduna bayan shekaru goma sha. A nan ne aka haifi Dakta Nnamdi Azikiwe ranar 16 ga Nuwamba, 1904, sa'ad da mahaifinsa yake aikin akawu a gwamnatin Turawa. Ɗan Kudu ne da aka haifa a Arewa, ya buɗe baki da Hausa, kamar yadda 'ya'yanku da aka haifa a Kurmi suke tashi da Yarabanci ko Ibo a bakinsu. Mutane da yawa sun san shi da aikin jarida da siyasa, amma kaɗan ne suka san abin da ya yi wa wasanni.

A zamanin da ya dawo gida ya kafa jaridarsa a Ikko a 1937, yawancin manyan ƙungiyoyin ƙwallo na birnin mallakar ma'aikatu ne da kamfanoni, irin su Reluwe da Marine da 'Yan Sanda. Yaron da ba shi da hanya a waɗannan wurare, da wuya ya sami filin nuna gwanintarsa. A shekarar 1938 sai Zik ya kafa nasa kulob, watau Zik's Athletic Club, wanda 'yan ƙasa suke gudanarwa da kansu, ƙofarsa kuma a buɗe ga matasa ba tare da tambayar ƙabila ba. Kulob ɗin ya yi rassa a garuruwa, kuma a shekarun Yaƙin Duniya na Biyu ya zaga ƙasa har Arewa yana wasannin sada zumunci. Yau fiye da shekara 80 ke nan, da wuya a sami wanda zai iya lissafa kofunan da kulob ɗin ya ci. Abin da masana tarihi suke tunawa da shi shi ne ya tara samari, ya ba su wurin motsa jiki da horo, ya kuma nuna cewa baƙar fata zai iya tafiyar da al'amarinsa. Mun kawo wannan ne domin jama'ar Zungeru da kewaye su san cewa tunanin gina matashi ta hanyar wasa yana da asali a garinsu.

WASANNIN ƘARSHE UKU NA TORNADOES

Daga Zungeru zuwa Minna tafiyar kimanin kilomita 60 ce, kuma a Minna ne ƙungiyar jihar take, watau Niger Tornadoes, wadda kowane yaro mai buga ƙwallo a Zungeru da Wushishi da Bida da Kontagora yake mafarkin sa rigarta. Tsakanin shekarar 2000 da 2019 ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale na ƙasa har sau uku. Ya kamata mu dubi yadda kowanne ya ƙare.

A shekarar 2000, a Ikko, Tornadoes ta doke Enugu Rangers da ci ɗaya da nema ta ɗauki kofi. Ƙwallon da ta raba gardama kuwa ɗan wasan Rangers ne ya jefa ta a ragarsu bisa kuskure. A watan Oktoba na 2017 aka sake haɗuwa a wasan ƙarshe, wannan karo da Akwa United, a filin wasa na Agege, inda da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi suka gani da idonsu. Masu horar da ƙungiyoyin biyu duk 'yan Arewa ne, Abubakar Bala a ɓangaren Tornadoes, Abdu Maikaba a ɓangaren Akwa. Aka tashi babu ci, aka je bugun daga kai sai mai tsaron gida, Akwa ta yi nasara da 3 da 2. A watan Yuli na 2019 kuma, a filin wasa na Ahmadu Bello da ke Kaduna, aka sake tashi babu ci tsakanin Tornadoes da Kano Pillars, Pillars ta ɗauki kofi da 4 da 3 a bugun fenariti.

To, jama'a, a duba da kyau. A wasannin nan uku ba a ci Tornadoes ko ƙwallo ɗaya a cikin wasa ba, kuma babu ɗan wasanta da ya ci ko ɗaya da ƙafarsa. Abin da ya raba shekarar murna da shekarun baƙin ciki shi ne kuskuren ɗan bayan abokan hamayya a karo na farko, da bugun fenariti guda a sauran biyun. Shin da hankali a ce kocin 2000 gwani ne, na 2017 kuwa bai iya ba, alhali tazarar da ke tsakaninsu ba ta wuce faɗin turken raga ba? Bugu da ƙari, a shekarar 2019 ɗin da ƙungiyar ta kai wasan ƙarshe, a shekarar ce ta faɗa rukuni na biyu a gasar lig, ba ta dawo ba sai 2021. Ƙungiya ɗaya, shekara ɗaya, mai duban kofi ya ce madalla, mai duban lig ya ce tir. In har sakamakon wasa yana iya ruɗin mutum haka a wasan manya, inda kowa ya gama girma, ina ga wasan yara, inda bambancin shekara biyu kawai ya isa ya juya wasa?

HANYOYI BIYU NA HORAR DA YARO

Masu horar da yara sun kasu gida biyu, a Zungeru ne ko a Agege ko a Turai. Na farko burinsa ya ci wasan ranar Asabar. Irin wannan koci yakan zaɓi yaran da suka fi tsawo da ƙiba, ya sa mai gudu a gaba, ya umarci 'yan baya da su dinga ɗaɗa ƙwallo sama duk sa'ad da ta zo musu. Yaron da ya gwada yanka ko ya riƙe ƙwallo ya ɗaga kai ya nemi ɗan'uwansa, in ta ƙwace masa, sai a daka masa tsawa a fitar da shi. Ƙananan yara masu basira sukan ƙare kakar wasa a benci. Wannan hanya tana kawo kofi da wuri, ba mu musu. Amma ranar da sauran yara suka kamo waɗannan ƙattin a girman jiki, sai a ga ashe ba a koya musu kome ba.

Na biyu burinsa yaron ya iya ƙwallo. Yakan raba yara ƙananan rukuni, huɗu da huɗu ko biyar da biyar a ɗan ƙaramin fili, domin kowa ya taɓa ƙwallo sau da yawa. Yakan tilasta wa yaro buga ƙwallo da ƙafar da ba ta da ƙarfi har ta saba. Yakan sa ɗan gaba ya gwada tsaron baya, ɗan baya ya gwada tsakiya, domin yaro ya fahimci wasan gaba ɗayansa. In yaro ya yi kuskure, sai ya tambaye shi abin da ya gani kafin ya gyara masa. Irin wannan koci yakan sha kashi a hannun na farko shekara biyu ko uku, 'yan kallo su yi ta yi masa ihu. Amma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma abin da yaro bai koya wa ƙafarsa ba kafin ya balaga, da ƙyar zai koye shi daga baya.

Ba sai mun je nesa neman shaida ba. A shekarar 1994 wani Bafaranshe mai suna Jean-Marc Guillou ya buɗe makarantar koyon ƙwallo tare da ƙungiyar ASEC Mimosas a Abijan, ƙasar Kwaddebuwa. Ya ɗebo yara daga unguwanni, ya haɗa musu karatu da horo, kuma ya hana su sa takalmin ƙwallo sai yaro ya nuna ya mallaki ƙwallo da ƙafarsa tsirara. Shekara biyar ana wannan aiki shiru. A watan Fabrairu na 1999 aka fito da yaran suka kara da Esperance ta Tunisiya a gasar Super Cup ta Afirka, suka cinye ta 3 da 1. Daga makarantar nan Kolo Toure da Didier Zokora da Yaya Toure da Emmanuel Eboue suka fito, su ne kuma ginshiƙin ƙungiyar da ta kai Kwaddebuwa gasar Kofin Duniya a karo na farko a 2006. Yaranmu na Zungeru ma da ƙafa tsirara suke fara wasa. Abin da ya bambanta su da na Abijan shi ne malami mai tsari, da masu gida masu haƙurin shekara biyar.

KOFUNA BIYAR DA ABIN DA YA BIYO BAYA

Babu ƙasar da ta kai Nijeriya cin Kofin Duniya na 'yan ƙasa da shekara 17. Sebastian Brodericks ya ciwo na farko a ƙasar Sin a 1985, sa'ad da gasar take ta 'yan ƙasa da 16. Fanny Amun ya ciwo a Japan a 1993, Yemi Tella a Koriya ta Kudu a 2007, Manu Garba a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa a 2013, Emmanuel Amuneke a Cile a 2015. Kofuna biyar ke nan, muna kuwa alfahari da su. Amma babbar ƙungiyar ƙasa ba ta taɓa wuce zagayen 'yan 16 a Kofin Duniya na manya ba, ko a 1994, ko a 1998, ko a 2014. A gasar 2007 yaranmu sun doke Jamus a wasan kusa da na ƙarshe. Cikin yaran Jamus da aka doke akwai Toni Kroos, wanda bayan shekara bakwai ya ɗaga Kofin Duniya na manya a Barazil. Jamusawa sun koma gida ba kofi a 2007, amma sun koma da ɗan wasa.

Ba muna cewa duk kofunan nan banza ne ba. Daga ƙungiyar 1993 aka sami Nwankwo Kanu da Celestine Babayaro da Wilson Oruma, waɗanda suka ciwo lambar zinariya a wasannin Olamfik na 1996. Daga ta 2013 aka sami Kelechi Iheanacho da Taiwo Awoniyi, daga ta 2015 aka sami Samuel Chukwueze da Victor Osimhen, wanda ya zama gwarzon ɗan wasan Afirka a 2023. Waɗannan sunaye su ne shaidar aikin masu horarwar, kuma sai da aka yi shekaru kafin shaidar ta bayyana.

Akwai kuma ɓangaren da ba mu son tunawa. A shekarar 1989 hukumar FIFA ta dakatar da Nijeriya daga gasannin matasa har shekara biyu saboda saɓanin ranakun haihuwa a takardun wasu 'yan wasa, ta kuma karɓe damar da aka ba mu ta shirya gasar matasa ta duniya ta 1991. A 2009 aka fara amfani da na'urar MRI ana ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu domin a ga ko ya gama haɗewa, alamar cewa yaro ya wuce shekarun gasar. A 2016, muna riƙe da kofin duniya, yara 26 suka faɗi wannan gwaji dab da wasan share fage da Jamhuriyar Nijar, kuma Nijar ta fitar da mu. Ko da yake gwajin ba ya rasa kuskure, domin ƙashin wani yaro yakan riga na wani haɗewa, duk da haka adadin ya isa abin kunya. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Kuma kada mu ɗora laifin duka a kan hukumar ƙwallo ta ƙasa. Wannan cuta daga filin unguwa take farawa, ranar da aka kawo mai gemu aka aske shi aka ce ɗan shekara 15 ne domin a ci kofin Salla, mu kuma da muka sayi kofin muka yi tafi.

MUDUN DA YA KAMATA

Tun da mun ƙi mudun kofi, wajibi ne mu faɗi wanda za a yi awo da shi. Muna ba da shawarar abubuwa biyar, kuma duk wanda ya taɓa kiwo ko noma ko koyar da sana'a zai iya auna su ba sai ya yi ilmin ƙwallo ba.

Na farko, gaskiyarsa wajen shekaru. Kocin da ya yarda a cinye shi da yaransa na gaskiya ya fi wanda ya ci da sojan gona. Yaron da aka koya wa ƙarya a kan ranar haihuwarsa an koya masa cewa ha'inci hanya ce, kuma an danne haƙƙin ƙaramin da aka ajiye a benci dominsa.

Na biyu, abin da yaro ya ƙaru da shi. A dubi yaro a farkon shekara, a sake dubansa a ƙarshenta. Ya iya tare ƙwallo ta tsaya? Ya fara bugu da ƙafa biyu? Yana ɗaga kai kafin ƙwallo ta iso shi? A kuma ƙirga yara nawa ne suka sami shiga wasa. Ƙungiyar da take da yara 25 amma 11 kaɗai ake gani a fili, to, 14 suna ɓata lokacinsu.

Na uku, karatu da tarbiyya. Cikin ɗimbin yaran da suke buga ƙwallo a unguwa, ƙalilan ne ƙwarai za su ci abinci da ita, kuma ko wanda ya dace, rauni guda a gwiwa ya isa ya kawo ƙarshen sana'arsa. Saboda haka kocin da yake sa horo a lokacin makaranta, ta boko ko ta allo ko Islamiyya, ko yake raba yaro da wurin koyon sana'arsa, ya cuci yaron ko da ya cika ɗaki da kofuna. Koci na gari yakan tambayi sakamakon jarrabawa, yakan san iyayen kowane yaro, ba ya zagi, ba ya duka, ba ya kuma kau da kai in ya ga alamar shaye-shaye.

Na huɗu, hannunsa da kuɗi. Wannan ya fi shafar ku mazauna Kudu, domin a biranen da kuke ne 'yan damfara suka fi yawa, masu zuwa da sunan dillalai suna cewa a kawo kuɗin biza da na jirgi za su kai yaro gwaji Turai. Iyaye sun sayar da gona da shanu a kan irin wannan alkawari. Ku sani dokar FIFA ta hana sayar da yaro ɗan ƙasa da shekara 18 zuwa wata ƙasa, in ban da wasu 'yan sharuɗɗa ƙalilan. Ku kuma sani ƙungiyar da take son ɗan wasa da gaske ita take ɗaukar nauyin tafiyarsa. Har ila yau dokar ta tanadi cewa in aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, za a ware kashi 5 cikin 100 na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka horar da shi tun yana shekara 12 har 23. Amma ƙungiyar da ba ta yi rajista da hukumar ƙwallo ba, ba ta kuma rubuta sunayen yaranta ba, ba ta da hujjar neman ko kwabo. Koci na gari yakan yi rajista ya jira halalinsa. Wanda yake karɓar na goro a hannun uba kafin ya sa ɗansa a wasa, a guje shi.

Na biyar, abin da ya bari a baya. In mutum ya yi shekara goma yana horar da yara, a tambaya ina yaransa na farko suke. Nawa ne suka kai Tornadoes ko wata ƙungiya? Nawa ne suka gama makaranta, suka kama sana'a, suka zama mutanen kirki? Nawa ne suke dawowa su gaishe shi? A Ingila an yi wani mai horar da yara a Manchester United mai suna Eric Harrison. Da yawa daga masu cika gidajen kallo ba su taɓa jin sunansa ba, amma ta hannunsa David Beckham da Ryan Giggs da Paul Scholes da Gary Neville suka biyo.

KOCIN MANYA FA?

Wani zai ce to, wannan na yara ne, kocin manya kuwa ai don ya ci wasa aka ɗauke shi. Haka ne. Amma shi ma akwai tambayoyin da adalci ya ce a yi kafin a yanke masa hukunci. A wane hali ya sami ƙungiyar? An biya 'yan wasansa albashi a kan kari? Shi ya zaɓi 'yan wasan, ko manya ne suka aiko masa da sunaye a takarda? Ƙungiyar da ta kwana a mota daga Minna zuwa Uyo ta sauka ta shiga fili, daidai take da wadda ta kwana a gida? Sa'an nan wane lokaci aka ba shi?

Clemens Westerhof ya karɓi ƙungiyar ƙasa a 1989, ya kasa kai ta Kofin Duniya na 1990, sa'an nan Aljeriya ta lallasa shi 5 da 1 a wasan farko na Kofin Afirka a watan Maris na 1990. Da an bi ihun 'yan kallo, da a ranar ya tattara kayansa. Aka bar shi, ya ci gaba da ɗauko matasa irin su Daniel Amokachi na Ranchers Bees ta Kaduna, har ya ciwo Kofin Afirka a Tunisiya a 1994, ya kuma kai ƙasar Kofin Duniya a karo na farko. Senegal ta naɗa Aliou Cisse a 2015, ya sha kashi a wasan ƙarshe a 2019, aka yi haƙuri da shi, ya kawo mata Kofin Afirka na farko a watan Fabrairu na 2022. Mu kuwa marigayi Shu'aibu Amodu sau biyu yana sama mana gurbin Kofin Duniya, na 2002 da na 2010, sau biyun kuma ana sallamarsa kafin a tafi, saboda ya zo na uku a Kofin Afirka. Kowa ya auna waɗannan misalai ya ga inda riba take.

Ba mu ce a mai da haƙuri mafakar rago ba. Akwai kocin da zai fake da cewa gini yake yi, alhali ba ya zuwa fili a kan lokaci, ba shi da tsarin horo, bai kuma taɓa neman ƙarin ilmi ba. Yara ma suna son su ci wasa, kuma koya musu neman nasara ta halal wani ɓangare ne na tarbiyya. Amma mudun nan biyar da muka lissafa ya fi kofi saurin tona asirin rago, domin kofi akan same shi da sa'a ko da sojan gona, ƙafar hagun yaro kuwa ba ta gyaruwa sai da aiki.

KIRANMU

Muna kira ga ƙungiyoyin 'yan asalin garuruwa da ke Kudu, musamman na Zungeru da Wushishi da sauran garuruwan Jihar Neja, da cewa duk sa'ad da za su aika kuɗin gasa gida, su haɗa da sharaɗi. Kowane yaro ya zo da takardar haihuwa ta asali ko shaidar hedimastansa, a ajiye takardar rantsuwar kotu da aka yi jiya a gefe. A raba gasa bisa shekaru, 'yan 13 daban, 'yan 15 daban, 'yan 17 daban. A ware kyauta ga kocin da ya fi shigar da yara wasa, da wanda yaransa suka fi zuwa makaranta, yadda ake ware wa wanda ya ci kofi. In kuɗin ya kai, maimakon a ƙara girman kofi, a ɗauki nauyin koci ɗaya ya je kwas a Cibiyar Wasanni ta Ƙasa da ke Surulere a Ikko, ko kwas ɗin da hukumar ƙwallo take shiryawa. Kofi yakan yi tsatsa a kan kabad, amma ilmin da koci ya samo zai yi ta amfanar yaran gari shekara da shekaru.

Muna kira ga Sarakunan Hausawa da shugabannin unguwanni a Ikko da Badun da sauran birane da su san waɗanda suke tara 'ya'yan jama'a da sunan ƙwallo, su kira su su ji tsarinsu, su taimaki na gari, su tsawata wa na banza. Muna kira ga Gwamnatin Jihar Neja da ƙananan hukumominta da su ba gasar makarantun firamare da sakandare muhimmanci, domin a makaranta ne kaɗai rajista take nuna shekarun yaro ba gardama, su kuma kare filayen wasa daga masu yanka su fuloti. Ga masu tafiyar da Tornadoes kuma, muna ba da shawarar duk kocin da suka ɗauka su rubuta masa abin da suke so a shekarar farko da ta biyu da ta uku, su biya shi haƙƙinsa da na yaransa, su sakar masa mara wajen zaɓe, sa'an nan su yi masa hisabi a kan abin da aka rubuta.

Daga ƙarshe muna kira ga iyaye. Ranar da ɗanka ya dawo daga fili, kafin ka tambaye shi ko sun ci, tambaye shi ko an sa shi a wasa, da abin da aka koya masa a makon nan, da ko ya je makaranta. In ka sami hali ka taka da kanka ka ga mutumin da kake bar wa ɗanka awa biyu kullum, ka ji irin maganar da take fita daga bakinsa. Amana ce ka ba shi, kai ma kuwa amana aka ba ka.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya haɗa su da malamai na gari, Ya mai da kowa gida lafiya. Amin.